Ungozoma a Shekarar Kulle

Kowace ɗalibar makarantar ungozoma tana da wani littafi da ta fi tsoron ɓacewarsa a kan ɓacewar wayarta. A cikinsa ake rubuta duk cikin da ta auna, da duk naƙudar da ta zauna a kanta, da duk haihuwar da ta karɓa da hannunta, har da rana da sa'a da yadda aka ƙare. A ƙarshen kowane layi akwai gurbin sa hannu, kuma ba ita ke cike shi ba, sai sistar da ta tsaya a kanta ta ga abin da ta yi. Duk wanda ya san ɗakin haihuwar da ake tura ɗalibai ya san yadda suke bin babbar sista idan an kusa tashi daga aiki, littafi a hannu: "Anti, don Allah a sa mini hannu kafin ki tafi." Ita kuwa sai ta ɗago kai ta ce, "Ke kika karɓa, ko kallo kika yi?"

A kan wannan tambaya aka gina lasisin ungozoma a duk duniya. Da annobar korona ta sauka a 2020, makarantu suka rufe, asibitoci suka rasa ma'aikata, sai ya zama dole hukumomin da ke ba da lasisin su zauna su tantance abin da za a iya sassautawa a horon ungozoma da abin da ba za a taɓa ba. Abin da suka zaɓa ya nuna yadda su kansu suka fahimci sana'ar.

Tun kafin a san asibiti Bahaushe yana da ungozomarsa. Galibi tsohuwa ce wadda ta daina haihuwa, ta gaji aikin a wajen uwarta ko kakarta, ko wata gwaggo da ta daɗe tana yi wa rakiya gidajen haihuwa. A garuruwa da yawa ba a ma kiranta sai ɗa ya faɗo, domin kunya kan sa mace, musamman mai haihuwar fari, ta gwammace ta durƙusa ita kaɗai a ɗaka, ta cije, kada a ji muryarta. Ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta jira mabiyiya ta faɗo, ta binne ta, ta yi wa jariri wankan farko, ta riƙa gasa masa cibi, ta tsaya a kan ruwan wankan maijego har ranar suna. Ladanta wani kaso ne na naman ragon suna da hatsi da ɗan kuɗi, gwargwadon al'adar gari da ƙarfin maigida. Ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Yaran unguwa da ke guje-guje a ƙofar gida su ne shaidarta, kowa ya san wanda ta yanke wa cibi.

Sai dai ƙarfin aikinta yana bayan haihuwa ne, alhali abin da ke kashe mata yakan zo a tsakiyarta ko daf da ƙarshenta. Jini ya ɓalle. Jijjiga ta kama mai hawan jini. Naƙuda ta kwana biyu, kan ɗa ya ƙi wucewa ta ƙugun yarinyar da ba ta gama girma ba. A nan tsohuwa ba ta da abin yi sai rubutu da jiƙe-jiƙe, wani lokaci kuma yankan gishiri, wanda kan ƙara ɓarna. Matan da ke jinyar yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta kai su. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya kuma nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kwaso su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Wannan giɓi ne ungozomar asibiti ta zo cikewa.

Ita da tafin hannu take fara aiki. Ta murza hannuwanta su yi ɗumi, ta ɗora a kan ciki, ta laluba saman mahaifa ta ji ko kai ne a can ko ɗuwawu, ta bi gefe da gefe har ta gano inda bayan ɗan yake, sannan ta sauko ƙasa ta ji ko kai ya shiga ƙugu. Inda ta sami bayan, nan za ta kafa ɗan ƙahonta na sauraro, ta sa kunne ta ƙirga bugun zuciya. Daga 110 zuwa 160 a minti ɗaya, lafiya lau. Idan ya yi ƙasa ya ƙi dawowa, ɗan yana wahala. Da yatsu biyu cikin safar hannu take auna buɗewar bakin mahaifa, daga rufe har santimita 10, a wurin da ido ba ya gani, kuma babu wani ma'auni sai yatsun nan. Ɗaliba za ta yi ta aunawa, malama tana bin bayanta tana sakewa tana cewa "shida ne, ba takwas ba," har ranar da yatsun za su daina yi mata ƙarya. Duk abin da ta ji sai ta zana shi a takardar bin naƙuda, wadda layukanta ke gaya wa mai karɓar aiki da dare ko ana ci gaba ko an tsaya cak.

Minti ɗaya na farko bayan ɗa ya faɗo ya fi kowane lokaci cunkoso. A cikinsa za a yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. A cikinsa kuma za a goge jariri, a murza masa baya, in bai yi kuka ba a yanke cibi da sauri a ɗora masa jakar hura iska a hanci da baki. Bayan mabiyiya ta fito sai a baje ta a duba ko wani yanki ya saura a ciki, a taɓa mara a ji ko mahaifa ta yi tauri, a duba ko an samu ƙari da ke buƙatar ɗinki, a shafa wa cibi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kuma roƙi kaka kada a sa masa toka ko man goge baki in an koma gida. Idan jijjiga ce, akwai allurar magniziyam, wadda ke ceton rai in an auna daidai, ta kuma tsayar da numfashi in an zarce. A saman duk wannan akwai abin da ya fi wuyar koya, wato sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinta, ta ce a nemo mota tun da sauran lokaci, ko da mijin yana cewa a ƙara haƙuri, Malama, ai ta saba haihuwa da kanta.

Har bakin ma aiki ne. "Sannu 'yar uwa, kar ki yi nishi tukuna, ja numfashi. Yawwa. To yanzu, bismilla." Wadda ta iya wannan ta rage wa kanta rabin wahala. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa mata da yawa sun ƙaurace wa asibiti saboda tsawa da baƙar magana, wasu har da mari a cinya, daga ma'aikatan da suka kwana su biyu a kan mata ashirin. Gajiya ba ta wanke laifin, amma ɗalibar da ta tashi a irin wannan ɗaki takan kwashi halin tare da ƙwarewar, domin duka biyun da kallo ake koyon su.

A Nijeriya hanyar zuwa lasisi tana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a siffarta ta yanzu a 1979, lokacin da aka haɗe hukumar ungozoma da ta jinya. Yarinyar da ta gama sakandare da kiredit biyar, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, za ta yi shekara uku a makaranta irin ta Dambatta ko Malumfashi ko Birnin Kudu. Wadda ta riga ta zama nas za ta ƙara wata 18. Wannan ya yi daidai da mafi ƙarancin wa'adin da Ƙungiyar Ungozomomi ta Duniya ta shata, wata 36 ga sabuwar shiga, wata 18 ga mai takardar jinya. A cikin horon akwai wani aiki da ɗalibai ba sa mantawa: kowace za ta ɗauki mai ciki ɗaya ta bi ta tun daga awo, ta je gidanta, ta san mijinta da surukarta da inda suke ɗebo ruwa, ta kasance a wurin ranar haihuwa, ta ci gaba da leƙa ta a cikin jego, sannan ta rubuta rahoto. Bayan haka sai jarrabawar Majalisa, ta rubutu da ta gwaji, sai rajista, sai lasisin da ake sabuntawa duk shekara uku bayan an halarci kwas na ƙarin ilimi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ware 2020 a matsayin shekarar ma'aikatan jinya da ungozoma, saboda cikar Florence Nightingale shekara 200 da haihuwa. An shirya taruka da jawabai. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mai korona na farko a Legas, a 11 ga Maris hukumar ta ayyana annoba a duniya, kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a faɗin Nijeriya. A watan Afrilu Kano ta shiga kulle, ana ta kai manyan dattawa maƙabarta. Ɗaliban ungozoma suka koma gidajen iyayensu da littattafansu rabi a cike, mafi yawansu kuma ba su sake ganin aji ba sai wajen watan Oktoba.

Malamai sun yi iya yinsu. An buɗe zaurukan WhatsApp, ana tura darasi da murya, masu hali suna haɗuwa ta Zoom. Wadda take cikin birni ta samu, wadda take ƙauye sai ta nemi inda sabis ke kamawa, in kuma akwai kuɗin data da wutar caji. Darasin sassan jiki da na magunguna ya tafi ta waya ba laifi. Amma koyon karɓar haihuwa ta waya kamar koyon tuƙin tuwo ne ta rediyo, za ki haddace bayanin tsaf, ranar da aka miƙa miki muciya sai ya yi gudaji. Matan da ɗalibai ke bi gida-gida kuwa ba su jira an buɗe makaranta ba, watanninsu suka cika suka haihu, wasu a hannun tsohuwar unguwa, domin ga shingen jami'an tsaro a hanya, ga tsoron kada a je asibiti a ce mutum yana da cutar a killace shi. Su kansu ungozomomin da ke bakin aiki sai da suka koyi sabon karatu a tsaye: yadda ake sa rigar kariya da cire ta, yadda za a yi da mai naƙudar da ta zo da tari da zazzaɓi. Nisantar juna da ake ta shela a rediyo ba ta da wuri a ɗakin haihuwa, inda mace ke huci a fuskarki awa da awanni. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taimaka ƙwarai a nan, domin ta ce uwa mai korona ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta rungumi ɗanta ta ba shi nono, kuma cutar kaɗai ba dalilin yin tiyata ba ce.

Inda aka fi ganin sauyin ƙa'ida a rubuce, daki-daki, shi ne Birtaniya, kuma ya dace mu dube shi da kyau, don tsarinmu daga nasu aka kwafo shi tun zamanin mulkin mallaka. A ƙarshen Maris 2020 majalisar dokokinsu ta zartar da dokar korona, wadda ta ba NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a can, ikon buɗe rajistar wucin gadi. Aka kira nas-nas da ungozomomin da suka bar aiki cikin shekara uku da suka wuce su dawo ba tare da sake kwas ba, daga baya aka faɗaɗa zuwa waɗanda suka fi haka daɗewa. Dubbai suka amsa. Waɗanda lokacin sabunta lasisinsu ya zo aka ƙara musu wata uku, domin a can sai mutum ya nuna ya yi aiki na sa'a 450 da karatun ƙarin ilimi na sa'a 35 cikin shekara uku, ga kuma wani da zai duba ya tabbatar, kuma ba mai wannan sukuni a lokacin.

Ɗalibai aka raba su kashi-kashi. 'Yan shekarar farko aka janye su daga asibiti, suka koma karatu zalla. Na tsakiya aka yarda su yi har kashi 80 cikin 100 na lokacinsu a bakin aiki, maimakon rabi da rabi da aka saba. Waɗanda ya rage musu wata shida su gama aka ba su zaɓi su ƙarasa a asibiti, ana biyan su albashi. Wannan na ƙarshe shi ne babban sauyi, domin ya taɓa wata tsohuwar ƙa'ida da ke cewa ba a lissafa ɗaliba cikin ma'aikatan da ke kan aiki. In an rubuta mutum biyar ne a ɗakin haihuwa yau, ita ta shida ce, ta zo koyo. Hikimar ƙa'idar a fili take. Ranar da aka lissafa ta, ranar za a tura ta inda aka rasa mutum, ta wuni tana gwajin zafin jiki da gyaran gado, haihuwa uku su wuce ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ga abin da ba su taɓa ba. Ƙa'idar da suka gada daga Tarayyar Turai ta ce kafin a kira mace ungozoma sai ta duba masu ciki aƙalla 100, ta karɓi haihuwa 40 da hannunta, ta kula da mata 40 masu ciki mai haɗari, ta duba masu jego da jarirai 100. In haihuwar ta yi ƙaranci ana iya karɓar 30, da sharaɗin ta taimaka a wasu 20. Duk tsananin da aka shiga, waɗannan alƙaluma suna nan yadda suke. Wadda ba ta cika ba sai ta ƙara watanni. Dokokin gaggawar da suka shafi ɗalibai suka ƙare a ƙarshen Satumba 2020. Da cutar ta sake tasowa a Janairun 2021, NMC ta sake buɗe wa ɗaliban jinya na shekarar ƙarshe ƙofar komawa asibiti, amma ba ta haɗa da ɗaliban ungozoma ba. Haka nan da ta yarda a lissafa wa ɗaliban jinya ɗaruruwan sa'o'i na atisaye a kan mutum-mutumi a madadin aikin asibiti, ba ta miƙa wannan rangwame ga ungozoma ba. Mutum-mutumi yana da gurbinsa a ƙa'idar tun asali, wajen abubuwan da ɗaliba kan iya gama karatu ba ta ci karo da su ba, kamar ɗan da ya zo ta ɗuwawu. Ban da wannan, sai mace ta gaske.

A ganina sun yi daidai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabuwar nas tana shiga cikin jama'a ne, ga likita ga manyanta. Ungozoma kuwa tun daga ranar da aka ba ta lasisi doka ta ɗauke ta a matsayin mai cin gashin kanta a kan haihuwar da ba ta da matsala, ita ke yanke hukunci, kuma rai biyu ne a hannunta. Matar da aka shigo da ita ƙarfe uku na dare tana murƙususu ba ta da halin bincikar wadda ta tarar. A unguwa an san tsohuwa, a asibiti baƙuwa ce ke taɓa baƙuwa. Lasisi shi ne ya maye gurbin wannan sanayya. In aka rage abin da ke bayansa a ɓoye, takardar za ta fito da tambari iri ɗaya, mai naƙuda kuma ba za ta san bambancin ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk dabarar da Birtaniya ta ɗauko a 2020 mu mun riga mun san ta. Kiran waɗanda suka yi ritaya su dawo? An yi a 2009, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara da kuɗin yafe bashi, aka kwashi sababbin gamawa da marasa aiki da 'yan fansho kusan 2,500 aka raba su a ƙananan asibitoci 652. Shirin ya yi tasiri a farko, sannan ya yi ta tangal-tangal, saboda jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su biya nasu kason alawus ba, ba su kuma samar da masauki ba. Ba wa wanda bai kai matsayin ba aikin da ya fi matsayinsa? A 2014 aka fitar da manufar da ta halatta wa ma'aikatan lafiya na matakin farko karɓar haihuwa bayan an ƙara musu horo. Gajarta karatu? Ga kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, wanda ake ɗauko yarinya daga ƙauyensu da sharaɗin ta koma can ta yi aiki.

Ba na cikin masu raina waɗannan matakai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ke samun ƙwararren ma'aikaci, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A ƙauyen da ba kowa, mai shekara biyu ba da mai shekara uku ake gwada ta ba, da babu ake gwada ta. Kuma 'yar gari tana da abin da baƙuwa ba ta da shi: ta san yaren, ta san wace suruka ce ke hana zuwa awo, maigida zai bar matarsa ta je wajenta, ba ta kuma neman canjin wurin aiki bayan wata shida. Shirin Mata Don Lafiya, wanda ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe daga 2012, ya fahimci wannan, shi ya sa ya buɗe ajin share fage ga 'yan matan karkara da ba su cika kiredit ba, har da matan aure masu goyo, maimakon a sauke musu ma'aunin jarrabawa.

Bambancin shi ne, sassaucin Birtaniya yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma an rubuta wanda zai tsaya a kan wa. Namu ya zama zaman yau da gobe. Ungozomar al'umma an tsara ta ne ta yi aiki ana duba ta, tana da inda za ta tura abin da ya gagare ta. A aikace sau da yawa ita ce babba ita ce ƙarama, ita ke awo da safe, ita ke kwana, firjin ajiye allura ba wuta, motar asibiti ba mai. In jini ya kwashe wata a hannunta sai a ce ai ba ta ƙware ba, ba mai tambayar wa ya kamata ya zo duba aikinta a watan da ya wuce.

Annobar ta bar wasu abubuwa masu amfani, bai kamata a hana ta wannan ba. Kwas ɗin sabunta lasisi, wanda a da sai an bar aiki an tafi babban birni an kwana a ɗakin taro, yanzu ana iya yin sa ta intanet. Ga wadda ita kaɗai ce a asibitinta, wannan na nufin ba sai ta rufe ƙofa mako guda ba. Jarrabawar rubutu ta Majalisa ma a shekarun nan ta koma kan kwamfuta. Makarantu sun ƙara mai da hankali kan ɗakin gwaji, inda ake ɗaura wa wata ɗaliba jakar MamaNatalie a ciki, ta yi ta zubar da jan ruwa, sauran suna rige-rigen tsayar da shi. Wannan atisaye yana da kyau matuƙa, don a nan ne ake iya yin kuskure sau goma ba a yi jana'iza ba. Abin tsoro kawai shi ne kwas na waya ya zama danne-danne, mutum ya miƙa wa ƙaninsa ya cike masa, takarda ta fito.

Ita ma tsohuwar hannu ba ta wuce gyara ba. Binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu aka wallafa a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya taso ne daga wata matsala da kowace ungozoma ta sani amma ba ta son faɗa: ido ba ya iya auna jini. Ma'aunin haɗari shi ne rabin lita, amma jinin da ya jiƙa zani ya bi katifa ya sauka ƙasa, mai shekara ashirin a aiki ma takan ce bai kai ba. Sai aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da layukan awo, aka kuma horar da ma'aikata cewa da zarar jini ya kai layi, a yi komai a lokaci ɗaya, a murza mahaifa, a ba da oksitosin da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda yake fitowa, maimakon a gwada ɗaya a jira a ga. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Horon ba dogo ba ne, amma a ɗakin haihuwa aka yi shi, da hannu, ana maimaitawa.

Duk wannan yana buƙatar manya da za su tsaya a kan ƙanana, kuma su ne ke tafiya. Rahoton halin ungozoma a duniya na 2021 ya ce ana da giɓin ungozomomi 900,000, mafi yawa a Afirka, kuma ƙasashen da annoba ta gajiyar da ma'aikatansu sun buɗe ƙofa. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je a yi musu zawarcin ma'aikata, amma jerin bai hana mutum ya nema da kansa ba. Wadda ke tafiya ba sabuwar gamawa ba ce galibi, mai takarda biyu ce, ta jinya da ta ungozoma, mai shekaru a ɗakin haihuwa, wadda ɗalibai ke rububin a haɗa su aikin dare da ita.

A Fabrairun 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta fitar da sabuwar ƙa'ida, cewa daga 1 ga Maris ba za ta tantance wa kowa takardunsa don aiki a waje ba sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisi. Magatakardanta na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ma'aikata suka yi zanga-zanga a ofisoshin Majalisar a Abuja da Legas, suna cewa a gyara albashi da kayan aiki, a kuma ɗauki dubban da suka gama suna zaune a gida, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙa'idar, aka yi watanni shafin tantancewar yana rufe. A ƙarshen watan Maris na 2024 ɗin ne Birtaniya ta rufe rajistarta ta wucin gadi, shekara huɗu bayan buɗe ta, ta ce duk mai son ci gaba da aiki ya koma cikakkiyar rajista.